Yadda Ake Ɗaukar Hoton Tsauni, Tsohuwar Motar Alfarma, Jirgin Ƙasa da Namun Daji

Mai ɗaukar hoton mutane yana da iko a kan wanda yake gabansa, domin zai iya ce masa ya matsa gefe, ya ɗaga haɓa, ko ya juyo wajen haske. Amma akwai abubuwan da ba a ce musu "tsaya, kalli nan". Tsauni ba ya matsawa, jirgin ƙasa ba ya jira, barewa ba ta jin magana, mota kuma ko tana tsaye cik, jikinta madubi ne mai lanƙwasa da yake kwaso duk abin da yake kewaye da ita. Saboda haka aikin yakan koma kan abubuwa uku da suke hannun mai kyamara: inda ya tsaya, lokacin da ya zo, da saitin da ya yi tun kafin abin ya bayyana.

Shawarata ita ce a koyi waɗannan fannoni huɗu bi da bi, domin kowanne yana ƙara wahala guda a kan na bayansa. Tsauni da fili ba sa motsi, don haka a kansu ake koyon haske. Mota tana ƙara matsalar ƙyalli. Jirgi yana ƙara gudu, sai dai hanyarsa da lokacinsa sanannu ne. Dabba kuwa tana da gudun, kuma ba ta da hanya ko lokaci.

Mataki na farko: sanin saiti uku

Kyamara ido ce, kuma tana ƙiftawa. Saurin ƙiftawar nan shi ne tsawon lokacin da take barin haske ya shiga, ana rubuta shi kamar 1/60 ko 1/1000 na daƙiƙa, kuma shi ne yake yanke hukuncin ko abu mai motsi zai fito a daskare ko a jirwaye. Na biyu shi ne kafar haske da take cikin gilashin kyamara, wadda ake nunawa da harafin f. Lambarta tana tafiya a juye: f/2.8 babbar kafa ce da take shigar da haske mai yawa, ta fito da abu ɗaya raɗau ta bar bayansa dishi-dishi, f/11 kuwa ƙaramar kafa ce da take fito da na kusa da na nesa tare. Na uku shi ne ISO, wato yadda kyamara take ƙara wa hasken da ta samu ƙarfi. Gwargwadon yadda aka ɗaga shi, gwargwadon yadda hoto zai yi haske a wuri mai duhu, amma zai zo da wani yashi-yashi a jikinsa.

Abin da ya kamata a haddace shi ne cewa ukun nan suna tafiya da mataki iri ɗaya, kowane mataki yana ninka haske ko ya raba shi biyu. Daga 1/250 zuwa 1/500 an rage rabin haske, daga f/8 zuwa f/5.6 an ninka shi, haka ma daga ISO 200 zuwa 400. Idan ka karɓi mataki ɗaya daga wani ɓangare, dole ka biya shi a wani. Akwai tsohuwar ƙa'ida da masu hoto suke gwada kansu da ita: a tsakar rana tarwai, idan kafa tana f/16 kuma ISO yana 100, ƙiftawar kusan 1/100 za ta ba da haske daidai.

Kafin ka fita, ka sa kyamara ta riƙa ajiye hoto a tsarin RAW, domin shi ne yake riƙe da bayanin inuwa da na haske wanda JPEG yake zubarwa. Ka kuma saba da duba jadawalin hasken da ake kira histogiram maimakon amincewa da allon baya, domin allo yana yaudara a cikin rana. Idan tudun jadawalin ya manne da bangon dama, fararen wuraren hoton sun ƙone, kuma babu manhajar da za ta dawo da su.

Mataki na biyu: tsauni, fili da ruwa

A fara da zuwa wurin da rana, ba don ɗauka ba, sai don leƙen asiri. Ka zagaya, ka nemi inda za ka kafa kyamara, ka lura da inda rana take fitowa da inda take faɗuwa, ka kuma gane hanyar da za ka bi idan ka dawo cikin duhun asuba. Rana tana tafiyar digiri 15 a kowace awa, don haka gefen dutsen da yake cikin inuwa da hantsi zai iya zama shi ne mai haske da la'asar. Hasken da ake nema shi ne na sa'ar farko bayan fitowar rana da sa'ar ƙarshe kafin faɗuwarta, lokacin da yake zuwa a kwance ya fito da kowane ƙulli da kwari na ƙasa. Tulin yashin Sossusvlei a hamadar Namib misali ne mai kyau: da sassafe gefe ɗaya na tulin yakan yi ja jawur ɗayan kuma ya yi baƙi, amma da rana ta take tsaka sai komai ya baje ya zama launi ɗaya. A ƙasashen da suke kusa da tsakiyar duniya wannan haske ba ya daɗewa, domin rana tana hawa da sauka a miƙe, saboda haka a isa wurin aƙalla minti 45 kafin lokaci.

Da ka isa, ka kafa maɗorin kyamara mai ƙafa uku a kan ƙasa mai tauri, ka sa ISO a 100, kafa kuma tsakanin f/8 da f/11. Masu koyo sukan ɗauka cewa f/22 ya fi, tunda ƙaramar kafa tana fito da komai, amma idan kafa ta yi ƙanƙanta da yawa haske yakan watse a bakinta, hoton gaba ɗaya ya yi laushi. Gaskiya ne cewa Ansel Adams, wanda ya shahara da hotunan Yosemite a Amurka, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu hoto mai suna f/64 a 1932, sai dai su da manyan kyamarori masu faffaɗan fim suke aiki, lissafinsu ba irin na kyamarar yau ba ne.

Sai maganar inda za a saita gani, wato nisan da kyamara za ta fito da shi raɗau. Kada a saita shi a kan tsaunin da yake can nesa idan akwai abu a kusa da ake so ya fito. Da gilashi mai milimita 24 (ƙaramar lamba tana ba da faɗin gani, babba kuma tana jawo na nesa kusa) a kan kyamara mai cikakken firam, wato wadda faifan da yake karɓar haske a cikinta babba ne, idan kafa tana f/11 aka saita gani a kan abin da yake nisan mita biyu, duk abin da yake daga kusan mita ɗaya har iya ganin ido zai fito garau. Wannan ne ya sa ake neman wani abu a gaban hoto, ko dutse ne, ko kututture, ko wata 'yar hanya da take lanƙwasa ta nufi tsaunin, domin shi ne yake riƙe idon mai kallo ya kai shi ciki. Hoton da ba shi da gaba, komai kyan tsauninsa, yakan zama kamar zanen bango. A tabbatar layin da sama ta haɗu da ƙasa bai karkace ba, kada kuma ya raba hoton gida biyu daidai sai da dalili. Idan sama ce take da gajimare masu kyau a ba ta kashi biyu cikin uku, idan kuwa fayau take a rage mata.

Kada ka danna maɓalli da yatsa kai tsaye, domin wannan 'yar taɓawar tana girgiza kyamara. Ka sa agogon jinkiri na daƙiƙa biyu, ka danna, ka ɗauke hannu. Idan sama ta fi ƙasa haske ƙwarai, ka ɗauki hoto uku ba tare da motsa kyamara ba, ɗaya daidai, ɗaya da ragin mataki biyu, ɗaya da ƙarin mataki biyu, ka haɗa su daga baya. Ruwa mai gudu kuma yana buƙatar zaɓi. A 1/1000 kowane ɗigo zai tsaya a iska, a rabin daƙiƙa kuwa ruwan zai zama kamar farin zare. Don samun doguwar ƙiftawa da rana ana ɗaura filta mai duhu a bakin gilashi, kuma mai mataki goma tana rage haske kusan sau dubu, ta mayar da 1/60 kusan daƙiƙa 16. A wuri irin gangaren ruwan Victoria, tsakanin Zambiya da Zimbabwe, feshin ruwa ne babban abokin gaba, don haka a riƙe ƙyalle mai laushi a aljihu ana share gilashi kafin kowace ɗauka.

Mataki na uku: tsohuwar motar alfarma

A nan ne mutum yake gane cewa ba motar yake ɗauka ba, abin da yake cikin fentinta yake ɗauka. Na taɓa shafe yini ina zagaya wata baƙar mota ta shekarun 1950, ina jin na yi aikin kirki, sai da na buɗe hotunan a kwamfuta na tarar da kaina a cikin kowace ƙofa, sanye da farar riga, na kumbura kamar tulu saboda lanƙwasar ƙarfen. Tun daga ranar ba na zuwa wajen mota sai da tufafi masu duhu, kuma kafin in kalli siffarta nakan fara kallon abin da ya faɗa a jikinta: turakun lantarki, alluna, rassan bishiya, da jama'ar da suke tsaye.

Rana tsaka ba ta yi wa mota adalci, domin takan bar farin tabo mai ƙuna a kan bonet ta kuma cusa baƙar inuwa a ƙarƙashin bamba. Ranar da gajimare ya lulluɓe sama, ko mintocin da suke biyo bayan faɗuwar rana, su ne lokacin da sama take zama wani faffaɗan haske mai laushi da yake kwanciya a jikin mota ya bi layinta tun daga fitila har zuwa but. Idan da hali a ajiye motar a fili buɗaɗɗe inda babu gini a kusa, a kuma bar tazara mai yawa tsakaninta da abin da yake bayanta.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne matsowa kusa da gilashi mai faɗin gani, kamar yadda wayar hannu take tilasta wa mutum. Hakan yana kumbura hancin mota ya tsuke bayanta, ya ɓata ma'aunin da masu ƙira suka sha wahala a kansa. Jaguar E-Type, wadda aka fara nunawa a Janiba a 1961, dogon bonet ɗinta ne kyanta, kuma idan aka ɗauke ta daga kusa sai tsawon ya wuce hankali. Ka ja baya mita goma ko goma sha biyar, ka yi amfani da gilashi mai milimita 85 zuwa 135, ka durƙusa har kyamara ta zo daidai tsayin fitilar gaba. Tsayuwar da aka fi so ita ce ta kusurwa, inda ake ganin fuska da gefe ɗaya tare. A roƙi mai motar ya murɗa sitiyari kaɗan yadda fuskar wilin gaba za ta kalli kyamara, ba bakin taya ba. Ƙaramin abu ne, amma da shi ake gane hoton wanda ya san aiki.

Filta mai kashe ƙyalli, wadda ake rubuta CPL a jikinta, ita ce kayan aikin da ba a zuwa wajen mota babu ita. Ana murza ta a hankali ana kallo har ƙyallin gilashin gaba ya ɓace a ga kujeru. Sai dai tana da iyaka biyu. Na farko, kusurwar da ta share gilashin gaba ba ita ce take share ƙofofi ba, saboda haka sai a ɗora kyamara a kan ƙafa uku a ɗauki hoto biyu, kowanne da murzawarsa, a haɗa. Na biyu, ba ta da tasiri sosai a kan tsiraicin ƙarfe mai sheƙi irin na bamba da ragar gaba, wanda kuwa tsofaffin motoci cike suke da shi. Maganin wannan shi ne sauya wurin tsayawa, ko a riƙe babban farin kwali a gefe domin ƙarfen ya kwaso fari mai tsabta. Tana kuma cin haske mataki ɗaya zuwa biyu, sai a biya ta wani wajen.

Bayan hoton mota gaba ɗaya sai a shiga ƙananan abubuwa, kuma a nan sanin tarihin motar yake amfani. 'Yar mutum-mutumin da take kan hancin Rolls-Royce tun 1911 take can, kuma tana fitowa da kyau idan aka buɗe kafa zuwa f/2.8 aka sa wuri mai duhu a bayanta. Mercedes-Benz 300 SL ta 1954 ƙofofinta sama suke buɗewa kamar fikafikai, saboda ƙashin bututun ƙarfen da aka gina ta a kai ya taso sosai a gefe har bai bar wurin ƙofar da aka saba ba, don haka hoton da bai nuna ƙofofin a ɗage da wannan babban dokin ƙofa ba ya bar rabin labarin. Haka ma katakon dashbod, ɗinkin kujerun fata, da wayoyin wili. A manyan wuraren baje kolin irin waɗannan motoci, kamar na Pebble Beach a Kalifoniya da aka fara a 1950, ko na Villa d'Este a bakin tafkin Como a Italiya wanda ya samo asali a 1929, cunkoson jama'a ne matsala, kuma maganinsa sammako. Kada a taɓa mota ko a jingina da ita, a kuma kula da maɗaurin kyamara, zif ɗin jaka da kan bel, domin su ne suke karce fenti ba tare da mutum ya sani ba. Idan za a wallafa hoton, a tambayi mai motar ko yana so a ɓoye lambarta.

Mataki na huɗu: jirgin ƙasa

Kafin maganar saiti akwai maganar rai. Ba a tsayawa a kan dogo, ba a zama a kai, ba a hawa gadar jirgi ko shiga ramin da yake bi. Jirgin kaya mai nauyi da yake gudun kusan kilomita 90 a awa yana iya cin fiye da kilomita ɗaya da rabi kafin ya tsaya, jikinsa kuma ya fi layin dogo faɗi da kusan mita ɗaya ta kowane gefe. Jiragen lantarki ba su da ƙara sosai, wayoyin da suke samansu a layuka da yawa suna ɗauke da bolt 25,000, kuma wutar tana iya tsallakowa ba sai an taɓa ba. Dogon gilashi yana ƙara haɗarin, domin ta cikinsa jirgi yakan yi kamar yana tahowa a hankali. A tsaya a wurin da doka ta yarda, a bayan shinge ko bayan layin gargaɗin dandamalin tasha, kada a haska filasha a fuskar direba, a kuma nemi izini tun da wuri, domin a ƙasashe da dama ɗaukar hoton tasha ko gada yana buƙatarsa.

Daga nan sai lissafi. Jirgin da yake gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda. A ƙiftawar 1/250 ya riga ya matsa santimita 11 kafin kyamara ta rufe ido, a 1/1000 kuwa bai kai santimita uku ba. Jirage masu tsananin gudu irin TGV na Faransa ko Shinkansen na Japan, wanda ya fara aiki tsakanin Tokyo da Osaka a 1964, idan suna kilomita 300 a awa suna cin mita 83 a daƙiƙa, don haka sai an kai 1/2000 ko 1/4000. Jirgin da yake tahowa ta kusurwa bai kai mai gilmawa ta gefe buƙatar sauri ba, shi ya sa masu farawa suka fi samun nasara da shi.

Ga yadda ake shiryawa. Ka samo jadawalin zirga-zirga, ka zaɓi wurin da dogo ya yi kwana ko ya hau gada, inda rana za ta kasance a bayan kafaɗarka tana haska hancin jirgi da gefensa tare. Ka tsara hoton tun dogo yana wayam, ka zaɓi wata alama, misali turke ko dutse, ka ce a ranka nan ne hancin jirgi zai kai in danna. Ka bar fili a gabansa domin ya sami inda zai shiga. Ka mayar da kyamara kan M, wato tsarin da kake saita komai da hannu, ka auna haske a kan ciyawa ko duwatsun dogo, ka kulle shi, domin fitilar jirgi tana ruɗa ma'aunin kyamara ya duhunta hoto, baƙin kan jirgi kuma yana sa ya ƙone shi. Ka saita gani a kan alamar nan da hannu, ko ka yi amfani da tsarin bin abu mai motsi, wanda Nikon da Sony suke kira AF-C, Canon kuma take kira Servo. Ka ɗauki hoton gwaji, ka duba jadawalin haske, sannan ka jira. Idan jirgin ya doso kada ka fara ɓarin hotuna tun yana nesa, domin ma'ajiyar wucin gadin kyamara za ta cika ta tsaya daidai lokacin da ake bukatarta.

Jirgi mai tururi yana da nasa hali. Farin tururin da ake so yakan tashi sosai da sanyin safiya, da kuma inda jirgin yake hawan tudu yana aiki da ƙarfi, amma a gangare kusan babu abin gani. Ka lura da iska, domin idan tana busowa wajenka hayaƙin zai rufe taragai. Gadar Glenfinnan a Sukotland, mai bakuna 21, lanƙwasarta tana ba da damar ganin jirgi tun daga kai har wutsiya. Wanda yake son ganin iyakar abin da shiri yake iya yi ya nemi hotunan O. Winston Link, wanda tsakanin 1955 da 1960 ya riƙa ɗaukar jiragen tururi na ƙarshe na layin Norfolk and Western a Amurka da dare, yana jera fitilun filasha masu yawa tun kafin jirgi ya iso, da haɗin kan kamfanin jirgin.

Akwai wata dabara da nake kira rakiya, wadda take aiki ga jirgi da mota mai tafiya duka. Maimakon daskarar da komai, sai a rage ƙiftawa zuwa 1/60, a bi abin da kyamara daidai gudunsa, shi ya fito raɗau bayansa kuma ya zama zare-zare. Ka tsaya ƙafafunka suna fuskantar inda za ka danna, ka manne gwiwar hannu da haƙarƙari, ka juya daga ƙugu, ka ɗora alamar gani a kan abu ɗaya kamar tagar direba, ka danna lokacin da ya zo daidai gabanka, kada kuma ka tsaya bayan dannawar, ka raka shi har ya wuce. Idan hannu ya faɗa sai a sauka zuwa 1/30. Mafi yawan hotunan za su lalace, kuma haka abin yake ga kowa. Idan ka ga turaku sun karkace a hoton, tsarin ƙiftawa na lantarki ne ya jawo, sai ka shiga saitin kyamara ka koma na inji, wato mai labulen da yake buɗewa ya rufe.

Mataki na biyar: namun daji

Duk abin da aka koya a baya yana haɗuwa a nan, sai dai babu jadawali. Abin da yake maye gurbinsa shi ne sanin halin dabba. Tsuntsu yakan tashi yana fuskantar iska, kuma sau da yawa yakan ɗan sunkuya ko ya yi kashi gab da tashi, don haka mai neman hoton tashinsa iska ta kasance a bayansa. Ga barewa da sauran masu jin ƙamshi kuwa akasin haka ne, iska ta riƙa busowa daga wajensu zuwa wajenka. Giwar da ta baza kunnuwa ta ɗaga kai gargaɗi take yi, hammar dorina kuma barazana ce. Ka fara gwaji da tattabaru ko kyanwa, domin hannun da bai iya bin tattabara ba ba zai iya bin shaho ba.

Gilashi mai milimita 300 shi ne mafi ƙanƙanta, 400 zuwa 600 ya fi, musamman ga tsuntsaye. A kyamarori masu ƙaramin firam ana ninka lambar da 1.5 ko 1.6, wato 400 yana ba da ganin kusan 600. Saitin da na fi amincewa da shi shi ne M, kafa a buɗe ko kusa da haka, ƙiftawa 1/500 ga dabbar da take tsaye, 1/1000 zuwa 1/2000 ga mai gudu, 1/2500 ko fiye ga ƙaramin tsuntsu a sama, a bar ISO ya riƙa sauya kansa. Kada a ji tsoron ISO 3200, domin yashi-yashi yana gyaruwa amma jirwaye ba ya gyaruwa. Farin tsuntsu irin balbela yana son a rage haske mataki ɗaya don kada gashinsa ya ƙone, tsuntsun da yake gaban farar sama kuma yana son a ƙara. Gani kullum a kan ido ake saita shi, a kuma jira har dabbar ta juyo wani ɗan ɗigon haske ya faɗa a ƙwayar idon. A sauko daidai tsayinta gwargwadon hali. Idan daga cikin mota ake ɗauka, a kashe inji, a ɗora gilashi a kan 'yar jaka mai cike da tsaba a bakin taga, kada kuma a sauya gilashi cikin ƙura.

Tazara doka ce, ba ra'ayi ba. A gandun Yellowstone na Amurka dole ne a bar mita 91 tsakanin mutum da beyar ko kyarkeci, mita 23 kuma ga dabbobi irin ɓaunar ƙasar, kuma kowane gandu yana da nasa ƙa'idojin da ya kamata a karanta. Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne: idan dabba ta bar abin da take yi saboda kai, ka matso da yawa. Ba a jan dabba da abinci, ba a kusantar sheƙa, ba a shiga tsakanin uwa da ɗanta. A gasar hoton namun daji da gidan tarihin halittu na Landan yake shiryawa, an ƙwace kyautar 2009 daga wanda ya ci ta bayan alƙalai sun yanke cewa kyarkecin da yake hoton ga dukkan alamu na gida ne da aka horar. Idan kuma ka ɗauki karkanda ko wata dabbar da mafarauta suke nema, ka goge bayanin wurin da kyamara take liƙawa a hoto kafin ka sa shi a intanet.

Mataki na ƙarshe: bayan an dawo

Ka kwafe hotuna zuwa wuri biyu daban kafin ka share katin ajiya. Gyara ya tsaya a kan daidaita launi, ɗaga inuwa kaɗan, miƙe layin da ya karkace da yanke gefe. Kafin ka zubar da waɗanda suka lalace, ka buɗe su ka ƙara girmansu, ka duba saitin da kyamara ta rubuta a jikin kowanne. Idan komai na hoton ya ja gefe ɗaya, hannunka ne ya girgiza, sai ka ƙara saurin ƙiftawa ko ka nemi maɗori. Idan ƙasa da bishiyoyi sun fito raɗau amma jirgin ko dabbar ta yi jirwaye, ƙiftawar ce ta yi jinkiri ga gudunsa. Idan kuwa ciyawar da take bayan dabbar ce ta fito garau ita kuma ta yi dishi-dishi, gani ne ya kuskure, sai ka rage faɗin alamar gani zuwa ɗigo ɗaya kafin fita ta gaba.